Jana'izarmu Ma Wa'azi Ce

Kowace Lahadi mukan miƙe tsaye a majami'u mu furta shaidar bangaskiyarmu, kuma cikin abubuwan da muke shaidawa akwai tashin jiki daga matattu da rai madawwami. Yaran makarantar Lahadi sun haddace, tsofaffinmu ma da ba su iya karatu ba sun haddace. Amma wanda yake so ya san ko mun gaskata abin da bakinmu ke faɗi, ba ranar Lahadi ya kamata ya zo ya dube mu ba. Ya jira ranar da aka yi mutuwa a gidanmu.

Ga yadda abin ya zama a yawancin garuruwanmu yanzu, tun daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zonkwa zuwa Numan, har ƙauyukan da a da ba su san haka ba. Mutum ya yi wata huɗu yana kwance. Matarsa ta sayar da awakinta, ta ci adashenta, ta bi dangi ɗaya ɗaya domin kuɗin magani, kowa ya ce mata lokaci ya yi wuya. Ranar da ya cika, kafin a rufe masa ido wayoyi sun fara ƙara. A kai gawa mutuware. A kafa kwamiti. A ce ba za a sa rana ba sai babban ɗa ya sami hutu daga Legas, sai an yi wa gida fenti, sai an buga fosta da kalanda, sai an fitar da anko an kai wa tela. Mako uku ya wuce, wani lokaci wata biyu, kowane kwana kuwa akwai kuɗin ajiya da ake lissafawa. Sa'an nan a sayo akwati mai walƙiya da hannuwan ƙarfe, a yi hayar rumfa da kujeru da janareta, a yanka sa, a dafa shinkafa kamar ta bikin aure. Dangin nan da suka ce ba su da ko sisi lokacin jinya, su ne ke gaba wajen cewa kada a kunyatar da gida.

Mun halarci irin wannan jana'iza a wani ƙauye, ta wani tsohon malamin firamare. An yi waƙa, an yi wa'azi mai kyau, jama'a sun ci sun ƙoshi. Bayan wata uku muka sake bi ta gidan. An jinginar da gonar fadama saboda bashin jana'iza, 'yarsa ta biyu tana zaune a gida domin babu kuɗin makaranta, gwauruwar kuwa tana ta ba mu haƙuri wai ba ta da abin da za ta sa mana a baki. Fostar marigayin tana nan manne a bango, rana ta cinye launinta.

Kada wani ya ce muna raina gawa. Ko kaɗan. Masu bin Almasihu tun farko an san su da girmama jikin mamaci, kuma suna da dalili. Jikin nan Allah ne ya yi shi, Ɗan Allah ya ɗauki irinsa, shi aka yi wa baftisma, shi ya karɓi Jibin Ubangiji, shi ne kuma za a tashe. A shekara ta 362 Sarkin Roma Yuliyanus, wanda ya bar bangaskiyar Kirista ya koma ga gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na gumaka yana ƙorafi cewa abin da ke jawo mutane zuwa ga Kirista shi ne alherinsu ga baƙi da kuma yadda suke kula da binne matattu. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. Sai dai mu lura da irin kulawar da aka san su da ita: sukan binne matalauci, su binne baƙon da ba shi da kowa, a lokacin annoba su ɗauki gawar da danginta suka gudu suka bari. Kulawa ce da ke sauka zuwa ga wanda ba shi da shi. Tamu ta yau kuwa hawa take yi, tana bin mai hali, har ya zama ana auna darajar mutum da tsadar akwatinsa.

Mu duba yadda aka binne Ubangijinmu. Ya mutu ranar Jumma'a da misalin ƙarfe uku na yamma, kafin faɗuwar rana an sa shi a kabari. Yusufu mutumin Arimatiya ya nemi jikin wurin Bilatus, ya naɗe shi da lilin, ya ba da kabarinsa. Kabarin aro ne. Wani zai ce, ai Nikodimu ya kawo mur da al'ul masu yawan gaske, abin da zai kai kilo 30 da 'yan kai, wannan ba tsada ba ce? Gaskiya ne, tsada ce. Amma Nikodimu mai hali ne, daga aljihunsa ya fitar, da son ransa, cikin sauri da ɓoyo kuma, babu wanda ya tafa masa. Ba a je wurin Maryamu uwar Yesu aka ce ta kawo nata kason ba. Ba a ci bashi da sunan gidan kafinta na Nazarat ba. Akwai kuma matar nan ta Betanya wadda ta fasa tulun turaren da aka ƙiyasta kuɗinsa fiye da dinari 300, kusan ladan ma'aikaci na shekara guda. Yesu ya karɓa, ya kuma danganta abin da jana'izarsa. Amma yana da rai ta zuba masa. Ya ji ƙamshin. Mu kuwa mukan riƙe turarenmu sai hancin da zai shaƙa ya toshe.

Akwai wani abu cikin misalin mai arziki da Li'azaru matalauci, a Luka sura 16, da ba a cika tsayawa a kai ba. An faɗi cewa mai arzikin ya mutu aka binne shi. Game da matalaucin ba a ambaci jana'iza ba sam, sai dai cewa mala'iku suka ɗauke shi. Mai sauraro na wancan zamani ya san ma'anar wannan: ɗaya ya sami taro da masu kuka da kabari mai kyau, ɗayan wataƙila rami aka jefa shi. Duk da haka mun san wanda ya sami hutawa a cikinsu.

To, batun ɗaukar gawa zuwa gida fa? A nan dole mu yi a hankali, domin abu ne mai taɓa zuciya. Mutumin Langtang da ya mutu a Fatakwal, ko mutumin Garkida da ya mutu a Ibadan, danginsa na so ya kwanta kusa da iyayensa, kuma Littafi Mai Tsarki bai hana ba. Ibrahim ya sayi kogon Makfela da shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu. An ɗauki Yakubu daga Masar zuwa can. Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa a kan ƙasusuwansa, aka ɗauke su a lokacin Fitowa har aka binne su a Shekem. Amma abin da ya sa suka yi haka alkawarin ƙasa ne da Allah ya yi musu. Kaburburansu shaida ce cewa sun gaskata alkawarin. Mu namu alkawarin bai rataya ga wata ƙasa ba. Wanda yake da halin kai mamacinsa gida ba tare da ya jefa marayu cikin bashi ba, ya kai, Allah ya sa albarka. Wanda ba shi da hali kuwa, kada a sa masa jin cewa ya yi wa mahaifinsa laifi.

Tarihin ikilisiya a wannan nahiya tamu ya ba mu misali. Monika, mahaifiyar Agustin, mutuniyar Tagaste ce, garin da yake cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ta riga ta shirya wa kanta wuri kusa da kabarin mijinta, ta daɗe tana ɗokin a kwantar da ita a can. Sai ciwon ajali ya same ta a Ostiya, bakin teku kusa da Roma, a shekara ta 387, suna kan hanyar komawa gida. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya damu ƙwarai da cewa za ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ita kuwa ta hana su damuwa, ta ce su binne ta inda suke, domin babu wurin da ya yi wa Allah nisa, kuma ba zai rasa inda zai same ta ba a ranar tashi. A Ostiya aka binne ta. Daga baya Agustin da ya zama bishop ya yi rubutu a kan kula da matattu, inda ya nuna cewa shagalin jana'iza ta'aziyya ce ga masu rai, ba taimako ba ne ga wanda ya tafi. Idan haka ne, sai mu tambayi kanmu: shagalin da ke barin gwauruwa da bashi, wa ya ta'azantar?

Ba sai mun je nesa ba ma. Waɗanda suka fara kawo bishara wannan yanki, da yawansu ba su koma gida ba. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba a kai ko ɗayansu wurin uwarsa ba. Daga wannan aiki ne SIM ta fito, daga SIM kuma ECWA. Wanda ya taɓa zuwa maƙabartar Miango ya ga jerin kaburbura marasa ado, har da ƙanana na jarirai da yara. A can aka binne Dokta Jeanette Troup, likitar asibitin mishan na Jos, wadda ta kamu da zazzaɓin Lassa wajen binciken gawar wani majinyaci ta rasu a 1970. Masu bisharar ƙasa ma, iyayenmu da kakanninmu da aka aika ƙauyuka masu nisa da ɗan buhun hatsi da Littafin Waƙoƙi, nawa ne suka binne 'ya'yansu a bayan bukkar majami'a, cikin tabarma, suka share hawaye suka buga ƙararrawa da safe? Ba mu fi su ƙaunar matattunmu ba.

Akwai kuma waɗanda tunaninsu ya kamata ya sa mu ji kunyar gasar akwati. A Maris 2010 aka binne mutanen Dogo Nahawa, kusa da Jos, cikin babban rami guda, mata da yara a jere. A 2014, lokacin da aka kori jama'a daga Gwoza da Madagali da Michika, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan ta'adda a watan Oktoba, mutane da yawa sun mutu a kan duwatsu da cikin jeji, wasu a hanyar Kamaru. Akwai iyalai a cikinmu da har yau ba su ga gawar nasu ba, ba su san inda ƙasusuwan suke ba. Suna zaune tare da mu a benci ɗaya. Duk lokacin da muka nuna, da aikinmu, cewa mutuncin mamaci yana cikin akwati mai tsada da yawan shanun da aka yanka, me muke gaya wa matar da mijinta bai sami ko likkafani ba?

Abin da bangaskiyarmu ke gaya mata daban ne, kuma tsohon zance ne. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, an kashe masu bi da yawa, cikinsu har da wata baiwa mai suna Blandina da tsohon bishop Fotinus wanda ya haura shekara 90. Masu tsanantawar sun san begen Kirista sarai, saboda haka suka hana a binne gawawwakin, suka bar su kwana shida a fili, suka ƙone su, suka zuba tokar a kogin Ron, da nufin su ga ta inda za su tashi. Sun ɗauka tashin matattu ya dogara ga abin da aka adana. Ikilisiyar da ta rage ta rubuta labarin ta aika wa 'yan'uwa a Asiya, ba ta kuwa rubuta shi kamar wadda aka ci da yaƙi ba. Wanda ya yi mutum daga ƙurar ƙasa ba zai rasa hanyar tattara ƙurar ba. Kogi bai isa ya ɓoye masa kowa ba, dutsen Gwoza ma haka.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 15, da ya so ya bayyana wannan asiri, gona ya kai mu. Ya kwatanta jikin da ake binnewa da ƙwayar iri. Mu manoma ba ma bukatar dogon bayani a nan, harshenmu ma ya riga ya yi mana rabin wa'azin. Idan manomi ya ga alamun damina ya fita ya shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, me muke kiran wannan shuka? Binne. Kalma ɗaya ce da ta kabari. Mai yin binne ba ya ganin komai ranar da ya shuka, sai ƙura da zafin rana. Ya rufe irinsa da diddige ya koma gida yana jiran sama. Ba ya shafa wa irin zinariya, ba ya sa shi cikin gwangwani ya liƙe don kada ƙasa ta taɓa shi. Wanda ya yi haka ai bai fahimci shuka ba. Kuma abin da zai fito ba ƙwayar nan ƙanƙanuwa ba ce, kara ne da zangarniya, amma geron ne dai, ba wani abu dabam ba. Haka Bulus ya ce jikinmu yake: ana sa shi ƙasa da rauni da ruɓa, za a tashe shi da iko da ɗaukaka. Bai kuwa gina wannan a kan zato ba. Ya lissafa waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, Bitrus, sha biyun, mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda yawancinsu ke da rai sa'ad da yake rubutu, da Yakubu, da shi kansa. Luka ya ƙara mana cewa Ubangiji ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya kuma ci gasasshen kifi a gabansu. Ba fatalwa ba ce ta tashi. Shi ya sa masu bi na farko suka kira maƙabartarsu da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin barci.

Wannan bai ce kada mu yi kuka ba, kuma muna roƙon masu wa'azin jana'iza su daina tsawata wa masu kuka. Mun sha jin ana ce wa matar da ta rasa miji ta yi shiru, wai hawaye rashin bangaskiya ne. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru na Betanya, alhali ya san zai kira shi ya fito. Mutane masu ibada suka binne Istifanus suka yi masa makoki mai zafi. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, bai hana baƙin ciki ba. Littafi Mai Tsarki ya kira mutuwa maƙiyi, na ƙarshe da za a hallaka. A ganinmu, fostocin nan da ke guje wa kalmar mutuwa su mai da abin biki, da kiɗan da ba ya barin kowa ya ji kansa, wata hanya ce ta gudun gaskiya. Mutuwa rigar kowa ce, in ji Hausawa, kuma jana'iza ita ce wuri guda da ya rage inda mutum zai zauna shiru ya tuna cewa nasa awon yana zuwa. Mun cika wurin da hayaniya da rabon abinci har babu mai iya tunawa.

Wani abin takaicin kuma shi ne neman wanda ya kashe. Da wuya yanzu matashi ya mutu a ce ciwo ne. Sai a fara raɗa, a nuna wata tsohuwa, ko kishiyar uwa, ko matar marigayin kanta, a ce maita. Daga nan kuma hanya ta buɗe ta kwashe kayan gida a kore ta da 'ya'yanta. Mutanen da suka rera waƙar tashin matattu da safe, su ne da yamma ke rabon katifa da keken ɗinki. Yakubu ya ce addini na gaskiya a gaban Allah yana cikin kula da marayu da gwauraye. Ikilisiyar Urushalima ma, muƙami na farko da ta ƙirƙiro bayan na manzanni, na mutum bakwai ne da aka zaɓa saboda ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke zaune da su unguwa ɗaya, sukan binne mamacinsu cikin sa'o'i kaɗan, sarki da talaka cikin farin likkafani iri ɗaya. Ba bangaskiyarmu ɗaya da su ba game da Almasihu da gicciyensa, amma suna kallonmu, kuma suna da ikon tambaya: ku da kuke cewa Ubangijinku ya ci nasara a kan kabari, me ya sa kabari ke cinye dukiyarku haka?

Gyaran ba zai fara daga gwauruwa ba, domin ita ba ta da bakin magana a gaban dangin miji. Daga majalisar dattawan ikilisiya zai fara. Kowace ikilisiya tana iya tsai da iyakar kwanakin da gawar ɗanta za ta yi a mutuware, mako guda ya isa duk wanda yake da niyyar zuwa. Muna da kafintoci a cikinmu; a ba su aikin akwati na katako mai tsabta, iri ɗaya ga kowa, dattijo da mai shara. Abinci kuma ya koma yadda iyayenmu suka san shi: maƙwabta da Zumuntar Mata su kai tuwo da kunu gidan makoki, ba gidan makoki ne zai ciyar da gari ba. Gudummawar da aka tara a rubuta ta a littafi a gaban shaidu, a cire abin da ya zama dole, sauran a damƙa a hannun matar da 'ya'yanta, dattawa biyu kuma su kasance a wurin ranar da dangi za su zauna maganar gado. Baikon da ake ɗauka domin marasa lafiya a ƙarfafa shi, don kuɗin ya isa asibiti tun mutum na numfashi.

Mun san inda wuyar take. Doka irin wannan takan yi aiki a kan talaka, sai ranar da babban mutum ya mutu, ko fasto, ko uwar wani mai ba da baiko mai kauri, a ce wannan dai a yi masa uzuri. Daga ranar doka ta mutu. Saboda haka fastoci da dattawa da masu hali ne ya kamata su fara, kowa ya rubuta da hannunsa yadda yake so a binne shi, ya karanta wa iyalinsa tun yana da lafiya, ya ba sakataren ikilisiya kwafi ya ajiye. Mu da muke rubuta wannan mun kawo maganar a zaman majalisarmu na watan jiya. An yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan wani dattijo ya ce a ɗage ta zuwa zama na gaba, aka ɗage. Za mu sake kawo ta.